Maƙera, Albarushi da Kwanson Tagulla: Tarihin Bindiga a Ƙasar Daura

Birnin Daura yana zaune ne kusan a tsakiyar tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Kano da Zinder, babban birnin Damagaram, kuma wannan mazauni, wanda ya jawo masa albarkar ciniki a lokacin zaman lafiya, shi ne ya mai da ƙasar mashigar rundunoni a duk lokacin da manyan maƙwabtan nan biyu suka saɓa. Saboda haka mutanen Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, waɗanda a yau su ne ƙananan hukumomi biyar na masarautar, sun ga bindiga tun tana baƙuwa a hannun bayin sarki, suka gan ta ta zama kayan maharbi, suka kuma ga zuwan wadda ta rushe sarautun ƙasar Hausa cikin shekaru kaɗan. Abin da ya raba waɗannan matakai wani ƙaramin abu ne da ba a cika kula da shi ba, wato kwanson harsashi, ɗan bututun tagullar nan da ke faɗuwa ƙasa bayan harbi, domin muddin bindiga ba ta buƙatar kwanso tana cikin ikon maƙerin gari, daga ranar da ta buƙace shi kuwa ikonta ya koma hannun masu masana'anta a ƙetaren teku.

Ƙira tsohuwar sana'a ce a wannan yanki, har labarin kafuwar sarautar Daura kansa bai tsallake ta ba, domin ruwayar Bayajida ta nuna cewa kafin ya iso rijiyar Kusugu ya kashe macijin da ke hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, sai da ya ya da zango a Gaya, inda maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya yi aikin da ita. Hausawa sun kasa maƙera kashi biyu. Akwai maƙeran baƙi, waɗanda a da suke samun ƙarfensu daga tama, wato dutsen da ake haƙowa a narka a fitar da baƙin ƙarfe daga cikinsa, kuma su ke yin fartanya da garma da gatari, su ke yin takobi da mashi da kan kibiya da linzami; akwai kuma maƙeran fari, masu aikin azurfa da jan ƙarfe da tagulla, waɗanda suka fi karkata ga mundaye da zobba da kayan adon doki. Bambancin da ke tsakaninsu ya wuce na launin ƙarfe, domin tama tana nan cikin ƙasar Hausa, amma jan ƙarfe sai an sayo shi daga nesa. Ibn Battuta, wanda ya sauka Takedda a yankin Azbin a 1353, ya ambaci jan ƙarfen garin da yadda ake kai shi Gobir da Barno, Heinrich Barth kuma, da ya shiga kasuwar Kano a 1851, ya tarar ana kawo shi daga Tarabulus da kuma daga mahaƙar Hofra da ke kudancin Darfur. Tagulla, wadda gami ce na jan ƙarfe da tutiya, ta kasance tun asali ƙarfen da wadatarsa ta dogara ga buɗewar hanya da yardar masu riƙe da ita.

Littafin Tarihin Kano ya danganta bindigogin farko da Dagaci, wani ɗan sarautar Barno da ya zo a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, ko da yake masana da yawa suna ganin wannan lokaci ya yi wuri ƙwarai. Abin da ya fi tabbata shi ne cewa Mai Idris Alooma na Barno yana da mayaƙa masu bindiga da Turkawa suka horar a ƙarshen ƙarni na 16, kamar yadda limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta, kuma littafin na Kano ya ce an kawo bindigogi a zamanin Kumbari, daga 1731 zuwa 1743, sannan Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye dakarun bindiga masu tsaron sarki. Ta hanya biyu kayan suke shigowa: ta hamada daga Tarabulus, su biyo ta Ghat da Agadas, da kuma ta bakin teku, inda Turawa ke sauke bindigogin da aka ƙera musamman don cinikin Afirka a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam, su hauro ta ƙasar Yarbawa da Nufe.

Waɗannan bindigogi duka na ɗuri ne ta baki, irin waɗanda ake kira bindigar toka ko harbi-ruga. Mai harbi yana zuba albarushi, wato baƙin garin da ake haɗawa daga gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, ta bakin bututu, ya bi shi da tsumma, ya sa ƙwayar dalma ko guntayen ƙarfe, ya danna su da sanda, sannan idan ya ja kunama sai ƙanƙara ta kyasta a jikin ƙarfe, tartsatsi ya bi ta wata 'yar kafa ya kama garin da ke ciki. Cikin bututun sumul yake, ƙwayar kuma ba ta cika shi, don haka takan fita tana kaɗawa, kuma da wuya a sami abin da aka auna idan ya wuce mita 100. Ɗurin yana cin lokaci, damina tana jiƙa albarushi, hayaƙi yana rufe idon mai harbi, bututun da aka cika wa gari fiye da kima yakan fashe a hannun mai shi. Amma wannan rauni nata shi ne ya sa ta zauna a ƙasar Hausa, domin makamin da ba ya neman awo mai tsanani kowane gwanin maƙeri yana iya jinyarsa: da zugazugi da uwar maƙera da masaba da awartaki yana gyara kunama, ya ɗaure bututu, ya zuba dalma, masassaƙi ya sake mata ƙota, kuma idan dalma ta yanke sai a datsa ƙarfe a ɗura. Abin da ya zama dole a sayo daga waje bai wuce farar wuta da ƙanƙara mai kyau da bututu mai ƙwari ba.

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai dogara ga bindiga ba. A Tafkin Kwatto, a watan Yuni na 1804, 'yan baka ne suka karya dawakin Gobir, kuma da kwari da baka da mashi da takobi aka ci yawancin biranen Hausa, ciki har da Daura, wadda Malam Isiyaku ya ƙwace a wajajen 1805, sarkinta na Haɓe, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Ko bayan shekara ashirin abin bai canja sosai ba, domin Hugh Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kewaye wani garin Gobirawa a 1826, ya ƙiyasta mayaƙan da dubun dubata, amma bindigogin da ya ƙirga a cikinsu ba su kai hamsin ba. Kibiya mai dafi ta fi bindigar wancan zamani saurin harbi, ba ta jin tsoron ruwa, kuma ba a sayen komai nata daga Tarabulus.

Inda al'amarin ya juya shi ne arewacin Daura. Bayan faɗuwar birnin, gidan sarautar Haɓe ya watsu, daga baya ya kafa kujeru biyu, Zango da Ɓaure, alhali Fulani suna riƙe da birnin a ƙarƙashin Sakkwato, ta yadda a tsawon ƙarni na 19 Daura uku ce, kamar yadda M. G. Smith ya bi diddigi a littafinsa kan al'amuran Daura da ya fito a 1978. Zango da Ɓaure sun faɗa ƙarƙashin Damagaram, suna ba ta gaisuwa da mayaƙa, ita kuwa Damagaram, wadda a suna take bin Barno, ta zama daula mai ƙarfin kanta a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 1884. Tanimu ya gina ganuwar Zinder, ya jawo ayarin hamada zuwa garinsa, ya sayi bindigogi da yawan da babu wani sarkin yankin da ya taɓa tarawa, ya sa ana haɗa albarushi a gida, sannan ya yi abin da ya fi duka ban mamaki, wato ya sa maƙeransa suka zuba igwa, babbar bindigar da ake ɗora wa a kan katako ko ƙafafu, daga jan ƙarfe da tagullar da fatake ke kawowa. Wannan aiki na zubi ne: a gina mazubi na yumɓu, a narka ƙarfe, a kwarara shi ciki, a bari ya huce, a fasa mazubin a gyara. Hikima ce da maƙeran fari suka gada daga zubin munduwa, aka faɗaɗa ta har ta kai ga makamin da ke girgiza ganuwa, kuma duk wanda ya san wahalar narka ƙarfe mai nauyi haka da gawayi da zugazugin fata zai girmama mutanen da suka yi shi. Igwar Zinder ba ta kai ta Turai saiti ba, amma ƙararta da hayaƙinta sun isa su firgita doki, a yaƙin da doki ne ginshiƙinsa, kuma ƙauyukan Daura da Kazaure da Gumel da arewacin Kano su suka fi kowa sanin haka. A shekarun ƙarshe na ƙarnin, Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi har kusa da birnin Kano a zamanin Sarkin Kano Aliyu Babba.

Sarakuna ba su ba kowa bindiga ba. A Zinder da Kano da sauran fadoji, bayin sarki ake damƙa wa ita, a ƙarƙashin shugabanni irin su Sarkin Bindiga, domin hakimi mai dawaki da jama'ar kansa yana iya juya wa sarki baya, amma bawan da albarushinsa ke fitowa daga taskar fada ba shi da inda za shi. Joseph Smaldone, a nazarinsa na yaƙi a Daular Sakkwato da aka buga a 1977, ya nuna yadda wannan tsari ya fara karkata ƙarfi daga manyan masu sarautar yaƙi, irin su Kaura a Daura da Katsina, zuwa cikin gidan sarki.

A daidai lokacin da Tanimu ke zuba igwarsa, Turai ta riga ta shiga wani zamani dabam. A 1807 wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, ya yi rajistar hanyar tayar da wuta da sinadarin da ke kamawa idan an buge shi, abin da ya kawar da ƙanƙara. Sannan aka yawaita zana cikin bututu da layuka masu murɗiya, waɗanda ke sa ƙwaya ta fita tana juyawa a kan kanta, ta miƙe ta yi nisa. Matsalar da ta rage ita ce ta ɗuri ta baya, domin duk bindigar da ke buɗewa ta gindi tana da tsaga, iskar wuta kuma takan biyo tsagar ta ƙona fuskar mai harbi. Kwanson tagulla ne ya warware wannan. Shi ke ɗauke da albarushi a cikinsa, da ƙwaya a bakinsa, da 'yar hular sinadari mai tayar da wuta a gindinsa, kuma a lokacin harbi matsin da ke ciki, wanda a bindigar soja ya haura nauyin iskar duniya sau 3,000, yana kumbura bangonsa har ya manne da mazaunin harsashi, wato kogon da ke gindin bututu, ya toshe kowace kafa, sannan da matsin ya sauka sai ya ɗan tsuke yadda za a iya zaro shi. Gamin da ya dace da wannan aiki shi ne kashi 70 cikin ɗari na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya, domin yana miƙewa ba tare da ya yage ba, yana kuma da ɗan komawa baya. Ingila ta ɗauki bindigar Snider a 1866, ta bi ta da Martini-Henry a 1871, Faransa ta ɗauki Gras a 1874. A 1884 Hiram Maxim ya fito da bindigarsa mai ɗura kanta, wadda ke harba harsashi 500 zuwa 600 a minti guda, a shekarar kuma Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda Faransa ta sa a bindigar Lebel a 1886.

Dalilin da ya hana maƙerin Daura ko na Zinder bin wannan sawu ba rashin basira ba ne, domin kwanso ba a zuba shi, jan sa ake yi. Ana yanko faifan tagulla, a danna shi da injin matsi ya zama ɗan ƙoƙo, a yi ta tura shi ta cikin ramukan ƙarfe masu raguwar faɗi har ya yi tsawo bangonsa ya sirance, a tsakanin ja da ja kuma a gasa shi don ya yi laushi, saboda tagulla tana taurara idan ana aiki da ita, ta tsage idan ba a sassauta ta da wuta ba. A ƙarshe gindin dole ya zama mai tauri, wuyan kuma mai laushi, awon duka ya dace da mazaunin kowace bindiga ta irinsa da kuskuren da bai kai kaurin gashi biyu ko uku ba. Wannan yana buƙatar injin birgima, da ma'auni iri ɗaya a kowace masana'anta, da tagulla mai tsabta wadda gaminta ba ya canjawa. Su kansu Ingilishi sun sha wahala kafin su ƙware, domin kwanson farko na Martini-Henry da siraran tagulla aka naɗe shi, yana maƙalewa idan bindiga ta yi zafi, kuma sai bayan abin da ya same su a yaƙin Sudan na 1885 suka koma ga kwanso jawowe.

Sarakunan Afirka da suka samu irin waɗannan bindigogi sun gano cewa abin da ba a iya ƙerawa ana iya tsincewa. Samori Ture, wanda ya yi ta gwabzawa da Faransawa a yammacin Afirka har aka kama shi a 1898, yana da maƙeran da suka kwaikwayi bindigar Gras, kuma mayaƙansa suna tattara kwanson da aka harba a fagen fama, a kai maƙera a sake cika shi. Mahdawan Sudan sun yi haka da harsashin bindigar Remington a taskar makamansu ta Omdurman. Rabeh, wanda ya ci Barno a 1893 ya zauna a Dikwa, ƙarfinsa a kan bindiga yake, shi ya sa neman harsashi ya zama babbar damuwarsa har Faransawa suka kashe shi a Kusseri a watan Afrilu na 1900. Masu wannan aiki sun ci karo da wata ɗabi'a ta tagulla wadda har yau ita ce tushen ilimin sake ɗuri: kwanson da aka harba ba ya komawa awonsa na farko gaba ɗaya, yana ɗaukar siffar mazaunin da aka harba shi a ciki, kamar yadda malmalar tuwo ke ɗaukar siffar ƙoƙon da aka mulmula ta, don haka yana shiga bindigarsa da sauƙi amma yana iya ƙin shiga wata, kuma bayan ɗuri kaɗan wuyansa yakan tsage ko gindinsa ya rabu.

Abin da ya zama wa waɗancan mayaƙa tilas shi ne ya zama fanni mai zaman kansa a ƙasashen da doka ta yarda wa farar hula su yi gasar harbi daga nesa, irin wadda ake yi a filin Bisley na Ingila tun 1890, inda ake auna abu daga yadi 1,000, wato mita 914. Masana'anta tana yin sabon kwanso ya ɗan gaza mazauni don ya shiga kowace bindiga, shi kuwa ɗan gasa yana harba shi sau ɗaya da gangan domin matsi ya daidaita shi da mazaunin bindigarsa, kafaɗarsa ta zauna daidai, wanda shi ake nufi da siffanta kwanso da wuta, daga nan kuma ba ya haɗa kwanson wannan bindiga da na wata. Ta wannan hanya ce maƙerin bindigar nan na Amurka, P. O. Ackley, ya shahara wajen faɗaɗa cikin harsasan da aka saba da su, kuma harsashin 6mm PPC, wanda ya mamaye gasar saiti tun daga shekarun 1970, daga kwanson wani harsashin Rasha aka siffanta shi. Gwajin da ke biyo baya na haƙuri ne: a auna nauyin kowane kwanso, a auna yawan ruwan da cikinsa ke ɗauka don a san girman kogonsa, a duba kaurin wuya, a ƙirga sau nawa aka harba shi, a duba alamar tsagewa, sannan a auna gudun ƙwaya da na'ura, domin ɗan bambancin gudu da ba ya nuna komai a mita 100 yakan zama tazarar tafin hannu ko fiye a mita 900. Wannan fanni bai taɓa kafuwa a Daura ba, kuma dalilin yana cikin abin da ya faru tsakanin 1890 da 1906.

A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Brussels, wadda a fili an yi ta ne don yaƙi da cinikin bayi, amma ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a faɗin yankin da ya kama daga layi na 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa layi na 22 kudu da ita, ta bar musu bindigar ƙanƙara marar zane da albarushin kasuwa kawai. Ƙasar Hausa duka tana cikin wannan yanki. Ba a rasa masu fasa-ƙwauri ta hamada ba, amma bindigar zamani da ba ta da tabbacin harsashi ba ta kafa runduna. A ƙarshen watan Yuli na 1899 Faransawa suka karya rundunar Ahmadu Kuran Daga a Tirmini, suka shiga Zinder, igwar da aka gada daga Tanimu ba ta hana komai ba. A ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland na Ingila ya ci Kano da sojoji sama da 700, da igwa huɗu da Maxim huɗu. Dawakin Wazirin Kano Ahmadu suka faɗa kan layin harsashi a Kwatarkwashi. Sakkwato ta faɗi a 15 ga Maris, Katsina ta miƙa wuya ba a yi yaƙi ba, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 27 ga Yuli, inda kibiya mai dafi ta kashe Manjo Marsh, Satiru da Haɗeja kuma suka biyo a 1906. Waɗanda suka ja kunamar bindigogin nan yawancinsu 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarbawa da sauransu da aka ɗauka a rundunar da Lugard ya kafa a 1897, wanda ya nuna cewa hannu ɗaya ne a ɓangarorin biyu, jarunta ɗaya ce, abin da ke cikin akwatin harsashi ne ya bambanta. Daura ba ta ga babban yaƙi a wannan karo ba, amma sakamakon ya sake mata fasali: Ingilishi suka maido da gidan Haɓe, suka naɗa Malam Musa na Zango Sarkin Daura, iyakar da suka shata da Faransa kuma ta bar wani sashe na tsohuwar ƙasar Daura a cikin Nijar.

Mulkin mallaka ya bar wa talaka bindigar toka, bisa lasisi, don farauta da korar birai da gyado daga gona, ya tsare wa kansa duk abin da ke cin kwanso. Dokar makamai ta 1959, wadda Nijeriya ke aiki da ita har yanzu, ta gaji wannan rabo: makaman yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, bindigogin kai irin na farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, na ɗuri ta baki kuma a hannun kwamishinan 'yan sandan jiha suke, sannan ta haramta ƙera ko haɗa bindiga da harsashi a wajen wuraren da gwamnati ta amince da su. Lokacin da ƙasar ta tashi yin harsashin kanta, a Kaduna ta kafa hukumar masana'antun tsaro ta DICON a 1964, kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya kawo injuna, ba a kuma gina wata gada tsakanin wannan masana'anta da zuriyar maƙeran da suka zuba igwa ba. Abin takaici ne cewa ilimin ƙarfe da ya kai wancan matsayi a ƙarni na 19 bai samu makarantar da za ta ɗauke shi ta kai shi ga awo da inji ba, ko da a fannin garma da famfo ne. Kwanson da ya tsira daga barikin soja kuwa, a sassa da yawa na Afirka ta Yamma, tukunyar maƙeran fari ya faɗa, ya narke ya zama munduwa da zobe, saboda tagullarsa ta fi ta kasuwa tsabta.

A yau bindigar toka tana da mazauni biyu a ƙasar Daura. Na farko a fada, inda 'yan bindigar sarki ke tafe a gaban ayari ranar hawan salla da Hawan Magajiya da bikin Sallar Gani, suna ɗura albarushi zalla ba ƙwaya, suna harbawa sama don sanar da fitowar sarki. Na biyu a hannun maharba da 'yan sintiri na ƙauye. Masarautar Daura ba ta sha irin masifar 'yan fashin daji da ta addabi yammaci da kudancin Jihar Katsina ba, wato Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari, amma a can tsohon rashin daidaiton nan ya dawo a wata siffa, domin ɗan sintiri mai ɗuri ta baki yana fuskantar mai AK-47 da ke ɗauke da harsashi talatin a gida guda. Yawancin harsashin wannan bindiga da aka yi a Rasha da Sin kwansonsa na baƙin ƙarfe ne da aka shafe da fenti ko jan ƙarfe, an yi shi don a harba sau ɗaya a yar, don haka ba mai tsince shi don sake ɗuri. Masu tsintarsa yanzu masu bincike ne, saboda a gindin kwanso ana buga lambar masana'anta da shekarar da aka yi shi, kuma da irin waɗannan alamomi na jikin makamai da harsasai ƙungiyar Conflict Armament Research ta yi aiki a rahotonta na 2020 kan Katsina da Kaduna da Zamfara, inda ta gano cewa wasu makaman sun fito daga tsofaffin taskokin Libiya da na Kwaddibuwa, wasu bindigogin farauta an yi fasa-ƙwaurinsu daga Turkiyya ta tashar jiragen ruwa ta Legas, wasu daga taskar jami'an tsaron Nijeriya da maƙwabtanta suka zurare, wani kaso mai yawa kuma ƙirar gida ne.